Tsohuwar Jif Ɗin Gidanmu: Yadda Muka Yi Mata Babban Sabis Kafin Damina

  Na san wasu za su ga kan rubutun nan su ce, "To, ita kuma Malama me ya haɗa ta da baƙin mai da sifana?" Ku dai yi mini haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Mu mata mun san kuɗin kwanon shinkafa da na kwalbar manja, mun san ranar da gas zai ƙare tun kafin ya ƙare, amma motar da ke kai yaranmu makaranta, take kai iyayenmu asibiti, take kai mu biki da suna da ta'aziyya, ba mu san komai game da lafiyarta ba. Iyakacin abin da muke ji shi ne, "An kai mota gareji," sai kuma cefane ya ragu a wannan makon. Alhali kuwa in birki ya tsinke ba ya tambayar wa ya san mota wa bai sani ba, duk wanda ke ciki abin ya shafa.

Motar da nake magana a kai Toyota ce ƙirar 4Runner ta 1999, daga cikin samfurin da kamfanin ya ƙera tsakanin 1996 da 2002. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3.4, wanda kanikawa ke kira 5VZ, irinsa ne ma a cikin wasu Prado na wancan zamani. Marigayi surukina ne ya saye ta a 2009, ta fito daga Amurka ta biyo ta Kwatano. Da Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka yarda a bar ta ta zama motar gida, a ajiye ta a wurinmu nan Dutse tunda maigidana ne babba. Dalili kuwa shi ne ƙauyenmu yana tsakanin Jahun da Miga, a bakin fadama. Da rani ko ƙaramar mota tana shiga, amma da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli da Agusta, in ka sauka daga kwalta sai taɓo da laka, ba abin da ke kaiwa ƙofar gida sai babur ko amalanken shanu ko kuma mota mai tsayi mai jan taya huɗu. A ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna ta kuma yanke hanyoyi da dama, wannan tsohuwa ce ta keta ruwa ta ɗebo Hajiya, wato surukata, da ƙananan yara zuwa Dutse.

To amma shekaru ba wasa ba ne. Daga baya sai motar ta fara nuna gajiya. Da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tsaya a silo sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, in an hau tudu allurar zafi sai ta fara haurawa, ga shan mai kamar rijiya. Kun dai san yadda lamarin fetur ya koma tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafi: litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Don haka aka daina taɓa motar sai da babban dalili.

Da ƙaramar sallar 2025, 'yan uwa sun haɗu a gidanmu, sai zancen sayar da ita ya taso. Ƙannen maigida suka ce a rabu da ita a sayi ƙaramar mota mai shan mai kaɗan, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Hajiya tana gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, sai da aka watse ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, in an sayar da ita, wa zai ɗauko matar autana in haihuwa ta zo mata cikin Agusta?" Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Da dare na ce wa maigida, "Malam, kafin a yanke hukunci, me zai hana a kira ƙanena ya duba ta sosai, ya rubuta mana abin da ke damunta da abin da zai ci? In gyaran ya fi ƙarfinmu, sai a sayar da hujja." Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ke komai sai an rubuta." Na ce, "Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Binciken farko

Ƙanen nawa ya shekara bakwai yana koyon kanikanci a Kano kafin ya dawo ya buɗe rumfarsa a Dutse. Kasancewarsa ɗan uwana ne ya ba ni damar da mata da yawa ba sa samu: ya zo har tsakar gida ya yi aikin, ni kuma na ɗauko kujera 'yar tsugunno da sabon littafi mai layi, irin wanda nake kiran sunan ɗalibai da shi, na zauna ina tambaya ina rubutawa. Ɗan abin da na karanta na kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya taimaka mini wajen gane bayaninsa.

Abu na farko da ya nuna mini shi ne agogon tafiya. Ya ce, "Yaya, karanta." Na ce 218,000. Ya ce, "Na me?" Ashe motar da aka yi don kasuwar Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ke nan motar ta ci wajen kilomita 350,000. Wannan ƙaramin abu yana ruɗa mutane da yawa: mutum ya ce zai yi juye bayan 5,000, yana zaton kilomita ne, alhali ya yi 8,000.

Abu na biyu, fitilar nan ta gargaɗin inji da ke kan dashbod. Ya kamata ta kama in an murza makulli, ta mutu in inji ya tashi. Tamu ba ta kamawa ko kaɗan. Da ya buɗe, sai ga shi wani bakanike a can baya ya cire ƙwanta don kada ta dami direba. Ya mayar da ƙwai, ya jona 'yar na'urar bincike a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 take da ita. Nan take na'urar ta fitar da lambobi: ɗaya na cewa iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, ɗaya na cewa wasu silindoji suna misin, wato wuta ba ta kamawa a cikinsu daidai. Ashe motar ta daɗe tana faɗin ciwonta, bakinta aka toshe.

Da ya gama, jerin ya cika shafi biyu, kuɗin kuma ya fi abin da ke hannunmu. A nan ne na kawo shawarar a kasa aikin gida huɗu. Na farko, abin da ke iya kashe rai: birki, taya da ƙafafun gaba. Na biyu, abin da ke iya kashe inji: bel, lagireto da baƙin mai. Na uku, abin da ke cin aljihu: fulogi, matatun iska da mai, da na'urar auna iska. Na huɗu, ado da jin daɗi: fenti, na'urar sanyaya iska, rediyo da rigar kujeru. Muka soke na huɗun gaba ɗaya. Da aka nuna wa 'yan uwa takardar a rubuce, kowa ya ga inda kuɗinsa zai tafi, sai kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ni kuma na sa kwasar adashina na malaman makarantarmu.

Sayen kaya

Maigida da ƙanena suka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan mota iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, tsohon da aka kwance daga motocin waje wanda ake kira Beljiyam, da kuma jabu mai kyan kwali. Ƙa'idar da ƙanena ya ba ni ita ce: ƙarfe kamar kambun taya ko ƙofa ko fitila ana iya sayen Beljiyam, amma duk abin da yake roba ne, ko abin da ke cinyewa da aiki, kamar bel da fulogi da fatar birki da boljoyin, ba a sayen tsoho, don ba ka san saura kwana nawa ya rage masa ba. Araha ba ta ado. Na roƙe su su karɓo rasit na kowane abu, na manna su a bayan littafin.

Ranar Alhamis: bel da ruwa

Mun zaɓi Alhamis da Juma'a saboda su ne ranakun hutun Islamiyya. Tun bayan asuba aka fara, inji na sanyi. Aka cire kan batir, aka tsiyaye ruwan lagireto. 'Yan uwa, da kun ga abin da ya fito! Ja wur kamar ruwan kududdufi. Shekara da shekaru ruwan rijiya da na burtsatse ake ɗura mata. Duk wadda ta taɓa leƙa cikin butar dafa shayi ta ga farin dattin da ke manne a gindinta, to irinsa ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ga kuma tsatsa. Ruwan sanyaya inji na kwalba, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, yana hana tsatsa, kuma ba ya tafasa sai zafi ya wuce digiri 100 da nisa.

Lagireton kansa sabo muka sa, ba wanki aka yi wa tsohon ba, kuma da dalili. A irin wannan mota mai giyar otomatik, bututun da ke sanyaya man giya yana bi ta cikin gindin lagireto. In ya tsufa ya fashe, ruwa da man giya sai su cakuɗe su zama kamar kunun gyaɗa mai ja-ja, giyabos kuma ya lalace. An san wannan samfurin da wannan matsala, kuma kuɗin lagireto bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba.

Da aka buɗe mazaunin tamostat, sai aka tarar wayam, an cire shi. Wannan al'ada ce ta kanikawanmu da yawa, suna cewa na ƙasar sanyi ne. Gaskiyar magana, tamostat ƙofa ce da ke rufe ruwa har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe a wajen digiri 82. In babu ita, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin hunturu, kwamfutar motar kuma tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai. Cire tamostat ba ya maganin zafi, yana dai ɓoye asalin ciwon, wanda galibi toshewar lagireto ne, ko mutuwar fanka, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto da ya saki.

Sai babban aiki, wato taimin bel. Wannan bel mai haƙora shi ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, kamar yadda mai daka da mai shiga tsakani da hannu suke bin juna ba tare da taɓarya ta sami yatsa ba. Toyota ta ce a canza na wannan inji duk bayan mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. Takardar da aka manna a jikin murfin tun a Amurka ta nuna an canza shi a mil 95,000, ke nan ya yi mil 123,000 yana aiki. Da aka zare shi, duk bayansa ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ƙanena ya ce an yi sa'a, wannan inji in bel ɗinsa ya tsinke tsayawa kawai yake yi, ba kamar na wasu motoci irin su Honda CR-V ta wancan lokaci ba, inda fistin ke bugun bawul ya lanƙwasa su. Amma tsayawa kawai ɗin ma, in da tsakar dare ne a dokar daji da mai naƙuda a baya, ai ba ƙaramin abu ba ne. Tare da bel ɗin aka canza famfon ruwa da 'yan gare-garen da bel ke bi ta kansu, domin duk wuri ɗaya suke, in ka bar tsoho ka sake biyan kuɗin buɗewa bayan wata shida. Kafin ya rufe, ya kira ni na ga alamomi uku da aka zana sun hau daidai, ya juya injin da hannu sau biyu, suka sake dawowa daidai. Ya ce, "Yaya, bakaniken da bai yi wannan juyin ba, caca yake yi da kuɗin mutane."

Ranar Juma'a: wuta, iska da mai

Inji abu uku yake buƙata kamar murhu: makamashi, iska da ƙyastu. Fulogi su ne ƙyastun. Wannan inji yana da koyil uku kacal a gefe ɗaya, da wayoyi uku da ke kai wuta ɗaya gefen, kowane koyil yana hidimar fulogi biyu. Saboda haka kamfanin ya ce a sa fulogi mai baki biyu na Denso ko NGK, mai tazarar milimita 1.1, a kuma canza duk bayan mil 30,000. Abin da muka ciro kuwa fulogi shida ne na kamfani uku daban-daban, masu baki ɗaya, biyu daga ciki sun jiƙe sharkaf da baƙin mai saboda gasket ɗin murfin inji yana yoyo. Aka canza gasket, aka canza wayoyi, aka sa fulogin da ya dace. Babbar 'yata, mai shekara 12, ita ke miƙa sifana, kafin azahar ta san lamba 10 da 12 da 14 da ido.

Matatar iska da aka ciro, in kin girgiza ta, ƙurar hunturu uku ce ke zuba. Yawanci hura mata iska ake yi a wurin mai faci a mayar, wanda hakan yana huda takardar, ƙura ta wuce ta riƙa cin inji kamar yashi. Sabuwa aka sa. Bayan matatar akwai wata 'yar na'ura mai siririyar waya da ke auna yawan iskar da ke shiga. In ƙura ta lulluɓe ta, sai ta ba kwamfuta lissafin ƙarya. Da feshi na musamman ake wanke ta, ba fetur ba, ba a kuma taɓa wayar da hannu ko tsinke. Aka wanke maƙogwaron iska, aka canza matatar fetur da ke ƙarƙashin mota. A nan ƙanena ya ja kunnen maigida a kan abu biyu: sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, da yawo da tanki kusan wayam. Famfon mai a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum mai na ƙasa sai ya ƙone.

Daga nan aka yi juye. Injin yana shan lita 5 da 'yan kai tare da sabuwar matata. Littafin motar ya fi son mai mara kauri, 5W-30, shi muka nema, ba na durom da ake aunawa a bakin titi ba. Kan batir da ya yi farin gari kuwa, ni na wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshin haƙori, don kanwa tana kashe kaifin asid. Na'ura ta nuna bolt 12.6 a tsaye, 14 in inji na aiki, alamar batir da caji duk lafiya.

Da aka murza makulli bayan la'asar, bugu ɗaya ta tashi. Na ɗora kofin ruwa a kan bonet, ruwan bai ko motsa sosai ba. Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Muryarta ta dawo irin ta lokacin Alhaji." Sai ta koma ciki ta daɗe ba ta fito ba.

Aikin ƙarƙashi

Alhamis ta gaba maigida ya kai ta gareji mai rami, ya dawo mini da tsofaffin kayan a buhu. Boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe tayar gaba, duka biyun sun yi lako-lako. Wannan shi ne abin da in ya ɓalle za ki ga mota ta durƙusa a titi taya ta shige ƙarƙashinta. Ba ƙaramar magana ba ce, domin a 2005 kamfanin Toyota da kansa ya kira dubban ɗaruruwan motoci a Amurka don canza wannan gaɓa, har da 4Runner ta 2001 da 2002. Aka sa sababbi, aka canza fatar birkin gaba, aka zubar da tsohon man birki gaba ɗaya. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, in ya daɗe sai ya tafasa lokacin da birki ya yi zafi, ka taka ka ji fanko. Kusan duk shekara biyu ya kamata a sabunta shi.

Man aksul na baya da aka tsiyaye fari ne kamar koko, alamar ruwa ya shiga tun ketaren ambaliyar 2022. 'Yar hudar numfashin aksul ɗin ta toshe da laka, wanda hakan ya sa mai ya fara tsartuwa kan birkin baya. Aka gyara, aka zuba sabon mai a aksul biyu da akwatin raba giya, aka ɗura giris a gaɓoɓin furofela.

Taya kuwa, na koyi karanta shekarunta. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Alal misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ƙera ta, komai kyan zanenta. Biyu daga cikin namu sun wuce, aka canza su. Sannan adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, namu bai wuce 32 ba, amma masu faci kan ɗura har 50, ga kwaltar Afrilu da Mayu kamar garwashi.

Abin da ya biyo baya

Don kada mu yaudari kanmu, na auna shan man. Hanyar mai sauƙi ce: a cika tanki, a rubuta lambar agogo, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba kilomitar da litar da aka ƙara. Kafin gyara, lita ɗaya kilomita 5 take kai mu. Bayan gyara ta koma 7. Ke nan a kowace kilomita 100 mun sauka daga lita 20 zuwa 14 da 'yan kai. Ba ta zama ƙaramar mota ba, ba kuma za ta zama ba, har yanzu zirga-zirgar cikin gari a Keke Napep muke yi. Amma zuwa ƙauye, ko ɗauko buhunan gero daga kasuwar Shuwarin, ya daina zama abin fargaba.

A cikin Agusta, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ana tsuga ruwa, waya ta shigo daga ƙauye: matar autan Hajiya tana kan gwiwa tun magariba, ga jini. Maigida ya fita, motar ta tashi, ta keta laka ta ɗauko ta zuwa Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa sashen haihuwa da na masu yoyon fitsari tun 2008. Aka yi mata aiki kafin asuba. Uwa da jaririya suna nan lafiya. Rai da ajali na Allah ne, amma Shi ne Ya hore mana hankalin da za mu ɗaure abin hawanmu kafin mu dogara. Tun daga ranar ban sake jin zancen sayarwa ba.

Ke ma za ki iya

Ba cewa nake kowace uwargida ta ɗauki sifana ba, kuma na san ba kowa ke da ƙane bakanike ba. Amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfin kowa ba. Ki ajiye littafi a aljihun mota, a rubuta ranar kowane juye da lambar agogo da abin da aka canza. Ki roƙi maigida, cikin ladabi da lafazi mai daɗi, ya riƙa karɓo tsohon abin da aka ce an cire da rasit na sabon. In kina shara da safe, ki dubi inda mota ta kwana: baƙin ɗigo baƙin mai ne, ja mai santsi man giya ko na sitiyari ne, mai ruwa-ruwa mai launi daga lagireto ne, jiƙa a bayan taya kuma kada a tuƙa sai an duba birki. In fitila ta kama a dashbod, a bincika dalili, kada a cire ƙwai.

Sannan a kula da yara. Ruwan sanyaya inji yana da launi mai kyau da ɗanɗano mai zaƙi, amma guba ne mai lalata ƙoda, kada a taɓa zuba shi ko baƙin mai ko fetur a gorar lemo. Kada a zubar da tsohon mai a kwata ko kusa da rijiya. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a bar mota tana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinta irin na janareta ne, yana kisa ba tare da wari ba.

Daga ƙarshe, in kun sami bakanike mai amana, ku riƙe shi, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci ba tare da ja-in-ja ba. Ƙanena ya so ya yafe kuɗin aikinsa, maigida ya ƙi, ya ce zumunci daban, gumi daban. Bakaniken da aka matse wa lada shi ne ke ramawa a kan kaya.

Juye na gaba yana rubuce a littafi, haka ma ranar da za a sake duba birki kafin wata daminar. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanyoyinmu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.